Akwatin da Na Saya wa Kwamfutar Kawunki

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Safana, zuwa ga 'yata Ummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mahaifiyarki da ƙannenki da duk wanda ke kwana a gidanmu na Batsari. Ina gajiyar shirin tafiya? Yaya haƙuri da wannan zamani da Allah Ya nuna mana? Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masu tare hanya, Ya sauke ki Zariya lafiya.

Na so in zo in raka ki tasha da ƙafata, sai jarrabawar yara ta riƙe ni. Shi ya sa na ba direban a-kori-kurar da ke kai gyaɗa kasuwar Batsari wannan akwati da wannan takarda. Ko da ma na zo, ba zan iya faɗar abin da ke ciki ba. Sunan mahaifiyata gare ki, kuma akwai maganar da mutum ba ya iya yi yana kallon idon uwarsa.

Akwatin na kwamfutarki ne. Na ce kwamfutarki, amma a zuciyata har yau kwamfutar kawunki nake kiranta.

Kin tuna ranar da Kawu Nasiru ya kawo ta? Na dawo hutun ƙarshen mako, ina zaune a tsakar gida ina gyaran rediyo, ya yi sallama da kwali a hammata. Ya ajiye a gabanki ya ce, "'Yar jami'a ba ta tafiya hannu rabbana." Mahaifiyarki ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Ke kuwa kika durƙusa kina cewa, "Kawu, ban san da wane baki zan gode maka ba." Ni na ce madalla, Allah Ya saka da alheri. Na faɗa kamar yadda ya kamata, amma ba daga zuciyata ya fito ba.

Nasiru dai ƙanen mahaifiyarki ne, kuma ɗalibina ne. Ni na koya masa riƙon alli a aji ɗaya, yana zuwa makaranta da majina da wando mai igiya. Yau ga shi yana aiki a birnin Katsina, yana shigowa gidana da makullin mota a yatsa, yana ba 'yata abin da na daɗe ina yi mata alkawari ban cika ba. Sunan abin da na ji ƙyashi, Ummi. Ba shi da wani suna.

Sai idona ya faɗa kan jakar da ya haɗo da ita, 'yar jakar nan mai laushi mai furanni. Kin ji abin da na ce a gaban kowa: "Wannan ai kyan ɗan maciji ce. Ko Safana ba za ta kai ta lafiya ba." Mahaifiyarki ta harare ni, ke kika sunkuyar da kai, Nasiru ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Malam ai ba ya rasa jan biro." Maganata gaskiya ce, jakar ba za ta tsare komai ba. Amma ba don in tsare kwamfutar na faɗa ba, don in rage wa kyautar haske ne, kuma kowa a wurin ya gane. Shi ya sa ba wanda ya ɗauki gargaɗin. Ki riƙe wannan: in kin ji zuciyarki na zafi a kan mutum, ki yi shiru ko da gaskiya ce a bakinki. Ki bari ta huce, sannan ki faɗa masa shi kaɗai.

Yadda aka yi na san jakar ba za ta yi ba, kin san rabinsa, tunda kin san tabon da ke gwiwar hannuna. Kina ƙarama lokacin, aka ce miki Baba ya faɗi a babur. Ga sauran.

Ina koyarwa a Ruma sa'ad da ofishin ilimi ya ba makarantarmu kwamfuta guda don shigar da sunayen 'yan aji shida masu zana jarrabawar shiga sakandare. Na ɗauka ni za a damƙa wa, don na fi kowa daɗewa. Sai aka ba Malam Lawal, wani matashi da ya zo bayana, saboda ya yi kwas ɗin kwamfuta. Ya je ya sayo mata wani baƙin akwati mai tauri, mai maɓallai biyu da ke yin ƙas-ƙas in an rufe. Duk sanda ya shigo ofishin malamai da shi sai in ce, "Ga ango da akwatin lefe." Malamai su fashe da dariya, shi ma ya yi murmushi ya wuce. Ban taɓa cewa ya koya mini ba, alhali ina satar kallon yatsunsa.

Ana gab da rufe karɓar sunaye sai aka yi wa Malam Lawal rasuwa, mahaifinsa ya cika a garinsu. Kafin ya tafi ya kawo mini akwatin har gida ya ce, "Malam Sule, na gama shigar da komai. A kai Batsari kawai, inda ake da wuta da sabis, akwai wanda zai tura. Don Allah a bar ta a cikin gidanta, hanyar nan ba ta da kyau." Na ce to.

Da safe na ɗauki akwatin na kai bakin ƙofa, sai na tsaya. Na hango kaina a bayan ɗan acaba, na rungume akwatin da na yi ta yi wa ba'a, mutanen Ruma na cewa ga Malam Sule ya zama ɗan dakon Lawal. Na koma ciki, na zare kwamfutar, na cusa ta a jakata ta yadi tare da littattafai, na rataya.

Mun yi nisa kaɗan muka fara cin karo da mutane. Mata da tabarmi a ka, tsofaffi a kan jakuna, yara na jan awaki. 'Yan bindiga sun shiga wani ƙauye ta bakin daji, kowa ya kama hanyar Batsari. Ɗan acaban ya ruɗe ya ƙara wuta. A wata kwana garken shanu ya ɓullo mana, ya kauce, yashi ya kwashe tayar gaba, muka zube a kwazazzabo. Da duk nauyina na faɗa kan jakar. Ban ma ji ciwon hannuna ba sai da na ga jini a riga. Da na buɗe kwamfutar a Batsari, gilashinta ya yi baƙi kamar an zubar da tawada, gindinta ya tsage, ko motsi ba ta yi. Mai gyara ya juya ta ya ce sai dai Kano.

Sunayen ba su tafi ba. Yaran suka jira wata shekara, wasu suka zana, wasu kuwa kafin shekarar ta zagayo iyayensu sun watse da gudun hijira. Akwai ɗaya, Sabi'u, wanda ba a taɓa kayar da shi a lissafi ba. Yanzu acaba yake yi a nan Safana. In ya gan ni a hanya sai ya tsaya ya ce, "Malam, hau in rage maka hanya," kuma ba ya karɓar ko sisina. Na fi son in taka da ƙafa.

Da Malam Lawal ya dawo daga zaman makoki na zayyana masa yadda aka yi. Na shirya wa faɗa, na shirya wa ƙara a ofis. Ya dubi hannuna da ke naɗe ya ce, "Alhamdu lillahi da ba ka karye ba." Ya ɗauki akwatinsa wayam ya fita. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, ni kuwa na naɗa shi har da kunnuwa. Don haka in kin ga wata a makaranta ta fi ki iya wani abu, ko da ƙanwar ƙanwarki ce, ki matsa kusa ki ce ta nuna miki. In an ba ki amanar kaya aka ce ga yadda za a riƙe, ki riƙe haka, ko da mutane za su yi dariya. Dariyar yini ɗaya ce.

To tun ranar da kwamfutar nan ta shigo gidanmu nake ganin waccan tawadar a idona. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ita kanta kwamfutar na ji haushinta. Da, in na dawo daga Safana ke ce mai kawo mini ruwa ki zauna ki ba ni labarin unguwa kaf. Yanzu sai ki ce sannu da zuwa Baba, ki koma ki tasa ta gaba, haskenta a fuskarki, kina murmushi ke kaɗai. Na ce a raina, tunda ban iya sayen dokin ba, bari in sayi sirdin da ba wanda zai raina.

Wata Asabar kin tafi gidan ƙawarki, na ɗauki igiyar ɗinkin buhu na auna tsawonta da faɗinta, na ƙulla kowanne. Kuɗin gyaran babur ɗina na ɗauka, na ce gyaran ya jira. Da na samu sarari na hau mota zuwa Katsina ban gaya wa kowa ba.

Mai shagon ya fara fito mini da wasu murafan roba masu sheƙi da ake maƙala wa kwamfuta sama da ƙasa. Ya ce 'yan mata su suke so. Na danna da babban yatsa, abin ya lotsa. Na ce, "Wannan ai sai dai ya hana ƙarzuwa. Ni wanda za a faɗi da shi a kwazazzabo nake nema." Ya dube ni ya ce, "Baba daga ina?" Na ce Batsari. Bai ƙara tambaya ba, ya shiga ciki ya jawo na gaske.

Na farko ƙato ne, kamar na masu ɗaukar hoton biki. Zuciyata ta so shi, don ya fi kwalin Nasiru girma, in aka shigo da shi gida kowa zai gani. Na shimfiɗa igiyata a ciki, na ga kwamfutar za ta yi ta yawo kamar tsakuwa a gwangwani. Na haƙura na ture shi. Akwatin da ya fi kayansa girma shi ke fasa kayan. Sai wannan mai ruwan toka. Igiyar ta zauna daidai, soson ciki ya rungume ta ta kowane gefe. Na duba kusurwoyin, don ta nan abu ke fara dukan ƙasa, na ga an ninka musu kauri. Na buɗe maɓallan na rufe har mai shagon ya fara tsaki. Na ja mariƙin da ƙarfina. Na bi robar da ke zagaye da bakinsa da yatsa, wadda ke hana ruwan sama shiga, ban ji inda ta yanke ba. Daga ƙarshe na cire tabarauna na sa a ciki, na rufe, na sake shi daga saman kanta zuwa siminti. Mai shagon ya ce, "Innalillahi, Baba!" Da tabaraun nake rubuta miki yanzu.

Abu ɗaya na manta, kaurin kwamfutar ban auna ba. Dole na kira mahaifiyarki na ce ta gwada mini da yatsu. Ta ce, "Malam, kana Katsina? Ka nemi Nasiru kuwa?" Na ce ta dai gwada. Ta gwada ta faɗa mini. Ashe tana ajiye wayar ta kira shi.

Muna cikin ciniki sai na ji ƙamshin turare a bayana. "Malam, ashe kana gari ba ka neme ni ba?" Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen Safana. Ya ɗaga akwatin ya jinjina ya ce, "Kai, wannan ya yi. Ni ban ma yi wannan tunanin ba." Kafin in ankara ya zaro waya yana ce wa mai shago ya ba shi lambar asusu.

Ummi, ban san sanda na kama hannunsa ba. Na riƙe shi kamar yadda nake riƙe shi yana yaro in zai tsallaka titi. Na ce, "Nasiru, mayar da wayarka."

Ya ce, "Haba Malam, ai duk ɗaya ne. Da ni da kai wa ya raba?"

Na ce, "Ba ɗaya ba ne. Ka yi naka, kowa ya gani, an yi guɗa. Wannan ka bar mini."

Mutanen da ke shagon suka juyo. Ya mayar da wayar aljihu, ya bar ni na biya. Da muka fito ya ce zai kai ni tasha, na ce zan hau Keke. Ya biyo ni da ƙafa har bakin titi, sannan ya ce, "Malam, ranar nan kai kana kallon kwalin, ni ina kallon yarinyar. Ba ta miƙa hannu ba sai da ta dube ka. Da ka girgiza kai, da na koma da kayana. Ni nawa 'ya'yan in na kawo musu abu ko fuskata ba sa kallo."

Ban ga wannan kallon ba, kuma ban sani ba ko ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Ke kika sani.

Da a ce zuciya na jin magana, da nan ƙyashin ya ƙare. A hanyar dawowa aka tsayar da mu a shingen jami'an tsaro. Ɗaya ya leƙo ya ga akwatin a cinyata, fuskarsa ta canza, ya ce in sauko da shi. Kin san a ƙasarmu yanzu akwati irin wannan ba kwamfuta yake fara kawo wa mutum a rai ba. Na buɗe a hankali, ya ga soso kawai. Na ce na kwamfutar 'yata ne, za ta jami'a. Ya saki fuska ya ce, "Baba, a wannan marrar ka saya wa 'yarka kwamfuta? Ka yi ƙoƙari wallahi." Na ce, "To, ya za a yi." Na bar shi a haka. Mutanen motar suka yi ta sa mini albarka, wata tsohuwa har da cewa a yi koyi da ni. Na sha daɗin wannan yabo har Safana, da gemuna da furfurata. Sai da na tsaya sallah kunya ta kama ni. Kada ki karɓi yabon da ba naki ba, ko da ba ki yi ƙarya da baki ba. Duk wanda ya tambaye ki a makaranta, ki ce kawunki ne ya saya miki.

Yanzu ga yadda za ki yi da shi. Kada ki ɗora caja a kan kwamfutar ki danne murfi, ita ce za ta fasa gilashin, akwai aljihunta daban a gefe. In kin gama aiki ki bari ta huce kafin ki rufe, don iska ba ta shiga. Ki tabbata maɓallan biyu sun yi ƙara kafin ki ɗaga. A mota kada ki yarda a sa shi a but ƙarƙashin buhuna, ki ɗora a cinyarki. Na zaɓi mai ruwan toka da gangan don kada ya ja ido, duk da haka ki sa shi cikin tsohuwar jakar buhun nan ta mahaifiyarki har ki wuce dajin. In an tsayar da ku a shinge, kada ki jira a tsorata, ki faɗi abin da ke ciki ki buɗe da kanki.

A ɗakin kwananku za ki tarar da waɗanda suka fi ki kaya, za ki tarar da waɗanda ko waya mai kyau ba su da ita. Na farkon za su sa ki ji abin da na ji, na biyun za su ji shi a kanki. Kada ki buɗe akwatin nan da ƙas-ƙas a gaban wadda ba ta da shi don a san kina da shi. In wata ta roƙi ta yi aikin makaranta, ki zauna tare da ita ta yi, amma kada ta fita da shi.

Wannan kuma ki karanta sau biyu. In Allah Ya kawo tsautsayi aka tare hanya, ki saki akwatin ki gudu. Kada ki tuna wahalata, kada ki tuna kuɗin kawunki, kada ki waiwaya. Kwamfuta ana sayen wata. Na ga mutumin da ya koma ɗauko akuya bai dawo ba.

Ba zan ce miki na warke ba. Na san in kin gama karatu kin zama wani abu, za a ce ai kawunta ne ya tsaya mata, kuma akwai gaskiya a ciki. Ina roƙon Allah Ya wanke mini zuciya kafin ranar, in iya yin murna da dukan fuskata. Ke dai ki riƙe kawunki da kyau, ki riƙa gaishe shi, ya yi miki abin da ubanki bai iya ba.

In motarku ta isa Zariya, ki kira shi ki ce kin sauka lafiya, ki sake yi masa godiya. Ki kira mahaifiyarki, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji muryarki. Amma Ummi, ki fara kirana. Ko da ina cikin aji zan fito in ɗauka.

Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama nagari. Ya kai ki lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya, Ya sa ki tarar da mu da ƙasarmu cikin zaman lafiyar da muka daɗe muna roƙo. Na bar ki a hannun Wanda ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Malam Sule